Zuwa Ajekoriya da Motar da Ba Ta Jiran Gaisuwa

Daga Maraɗi zuwa Dakoro kimanin kilomita 120 ne. Za ka fita gari ka bi babbar hanyar Yamai, a wajen Tsibirin Gobir ka sake ta ka karya dama, ka miƙi arewa: Sabon Mashi, Kornaka, Ajekoriya, sannan Dakoro. Kwalta ce, mai lafiyayyar mota in ya tashi da hantsi zai yi azahar a inda ya nufa. Tamu lafiyarta rabi ce. Muddin ana gudu ba ka da abin faɗa a kanta. Da ka ɗaga ƙafa daga totur sai allurar injin ta faɗo, jikin motar ya yi rawa, ta mutu.

Motar Yaya ce, Toyota Carina E mai injin 1600, irin waɗanda aka fara haɗawa a Burnaston ta Ingila a ƙarshen 1992. Ta ci ƙuruciyarta a Turai, ta sauka tashar jiragen ruwan Kwatano da tsufanta. Aiki ya riƙe Yaya, sai ya miƙo mini makulli ya ce in kai Inna bikin ɗiyar Kawu, ƙanenta da ke Ajekoriya.

"Ralantin ne kawai ya sauka," in ji shi. "Akwai gwangwanin wanki a but, na saya ban samu sukuni ba. Batirin ma ka lallaɓa shi."

Da batirin ya kamata ya fara. Motar da ke mutuwa ba abin tashin hankali ba ce in ana murza makulli tana tashi. Amma in batiri ya gaji, kowace mutuwa tana iya zama ta neman masu turi. Ga mu da buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, katifa a ɗaure a sama, da Inna da ƙawarta a kujerar baya, waɗanda ba za a ce su sauka su tura ba. Don haka tuƙin ya koma na hana mota mutuwa: ƙafar hagu a kan kuloci, ta dama ta rabu biyu, yatsu a birki, diddige a totur. In tsayawar ta zama dole, in ja birkin hannu in ci gaba da ba ta wuta.

A wannan tafiya na gane yawan tsayawar da ke cikin tafiyar Bahaushe. Akwai tudun rage gudu a bakin garuruwa, akwai amalanken shanu da ya ɗauko dammunan hatsi ya cinye rabin hanya, akwai shingen jami'ai, akwai akuyar da ta ga babu wurin kwanciya da ya fi tsakiyar kwalta. Sannan akwai gaisuwa, wadda ta fi duk waɗannan yawa. Inna ƴar wannan hanya ce, babu garin da ba ta da wata ƙawa, ko surukar wata, ko ɗiyar wadda suka yi ƴammatanci tare. A Tsibiri, garin da Gobirawa suka kafa wajen 1836 bayan yaƙin Gawakuke, ta hangi wata tsohuwa a bakin hanya ta ce in tsaya. Na tsaya, injin yana kururuwa. "Ina kwana" ta fita, "lafiya lau" ba ta iso ba. Tsohuwar ta ja da baya tana kare fuska da mayafi. Inna ta ce, "Kai, saki abin nan mu ji magana." Na ce, "Inna, in na saki, a nan za mu wuni." Ta gyara zama ba ta ƙara cewa komai ba, shirun nan nata kuwa na san fassararsa.

A shinge ma haka. Jami'in da ya karɓi takardu ya tsaya yana duban ƙafata, ya tambaya ko sauri nake yi. Da na faɗa masa larurar, ya yi murmushi, ya duba takardun da hanzari, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Bayan kaka ne, gonaki sun zama kara, rumbuna sun cika ko sun kusa, gwargwadon abin da damina ta ba kowa. Iskar hunturu ta fara, sama ta yi fari, rana ta dushe har kana iya kallonta. Kwarin Gulbin Kaba ne wurin da ido ke hutawa: gulbi ne da ba ka ganin ruwa a cikinsa, sai itatuwan goriba masu rassa biyu-biyu, da mata a gefen hanya da tabarmi da igiyoyin kaba. A can muka iske garken shanu yana tsallaka kwalta. Lokacinsu ne. Makiyaya suna yin damina a arewa, bayan iyakar noma da dokar 1961 ta shata, in an kawar da amfanin gona su gangaro kudu su ci kara. Jajayen shanu ne masu dogayen ƙahoni, ba sa sauri don kowa. Mai hankali kashe mota yake yi ya jira. Ni kuwa na tsaya ina ba ta wuta, sai ga wata saniya ta firgita ta juya, na bayanta suka rikice. Yaron da ke kiwon ya ɗora sanda a kafaɗa ya yi mini wani kallo, bai ce uffan ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan Kornaka ƙasa ta ƙara buɗewa, itatuwa suka yi nisa da juna, sai aduwa da gawo jefi-jefi. Daga kwalta zuwa gidan Kawu akwai ɗan yashi. Motar ta ratsa shi, ta kai mu ƙofar gida, na ɗaga ƙafa ta yi shiru.

Kawu ya yanke hukunci tun kafin a gama sauke kaya. "Wagga mota mai ne ya kashe ta. Kun sha na kwalba." Yana nufin ruwa-ruwa, man bakin hanya da aka daɗe ana shigowa da shi daga Najeriya. Zarginsa yana da tushe. Ko bayan da matatar Soraz ta Damagaram ta fara aiki a 2011, man kwalba ya ci gaba da arha a jihar Maraɗi, har zuwa 2023 da Najeriya ta cire tallafin mai lissafi ya juye. Duk wanda ya yi mu'amala da shi ya san wani lokaci da ruwa yake zuwa, wani lokaci da ƙasa. Sai dai gurɓataccen mai ba ya zaɓen lokaci. Da shi ne, da motar ta yi ta shaƙewa a kan gudu, ta kasa hawa tudu. Tamu sai an sake ta take mutuwa. Na faɗa wa Kawu haka cikin ladabi. Ya ce, "To, ku ne ƴan boko."

Washegari da safe muka buɗe bonet, ni da ɗan Kawu, wanda ke gyaran babura da injinan niƙa a garin. Hannunsa ya fi nawa sanin ƙarfe nesa ba kusa ba, amma yana tsoron motar. "Yaya, wagga mai kwamfuta ce, ba a taɓa ta nan. Sai Maraɗi." Da kafireta ce da tuni ya wargaza ta ya mayar kafin a dama fura.

Abu na farko da muka yi shi ne tura motar nesa da gida. Mata sun kafa murafu a ƙofa, manyan tukwanen biki suna kan wuta, abin da ke cikin gwangwanin feshin nan kuwa saurin kama wuta gare shi. Muka kai ta gindin wata aduwa, muka juya bayanta ga iska. Muka shimfiɗa tabarma, aka aro mana farantin silba daga kayan biki, domin sukurun da ya faɗa yashin Ajekoriya ya tafi ke nan. Injin ya kwana ya huce, abin da ake bukata, don akwai tiyon ruwan zafi a inda za mu taɓa. Na cire kan batiri na baƙar waya da sifana mai lamba 10.

Iska tana shiga injin ta matatar iska, ta bi wani baƙin tiyo mai kauri, ta iso wani guntun bututun alminiyon da ke manne da injin. Shi ne maƙogwaron totur. A cikinsa akwai faifan ƙarfe zagayayye a kan sanda, wanda makanikan Maraɗi ke kira papiyon. Ka taka totur, waya ta ja, faifan ya buɗe, iska ta shiga da yawa, kwamfutar injin ta ƙara mai daidai da ita. Ka saki, faifan ya koma ya kusan rufe hanya ruf. To a lokacin ta ina injin zai sha iska? An yi masa wata ƴar ɓarauniyar hanya da ke zagaye faifan, a kanta akwai bawul ɗin ralanti, abin da mutanen Kano ke ce wa silo. Kwamfuta ce ke buɗe wannan bawul tana rufewa don injin ya tsaya a wajen juyi 750 zuwa 800 a minti in ya yi zafi. In ka kunna fitilu, ko fanka ta tashi, nauyi ya ƙaru, sai ta ƙara buɗe shi kaɗan. In hanyar ta cushe ko bawul ɗin ya maƙale, kwamfuta za ta yi ta ba da umarni babu mai cikawa.

Muka sassauta maɗaurin tiyon muka zare shi. Na buɗe faifan da hannu, ƙanen nawa ya haska da fitilar wayarsa. Gaban faifan da ɗan dama. Bayansa da kewayen bangon da bakinsa ke taɓawa baƙi ƙirin, wani danƙo mai kauri kamar kunkunniyar rufin madafa. Ya lakato da yatsa ya murza, ya ji yashi-yashi.

"To ba mai ke wanke wurin ba?" ya tambaya.

Tambayar da ta warware masa komai ke nan. A kafireta, fetur da iska tare suke wucewa ta maƙogwaro, man yana wanke wurin kullum. A wannan injin kuwa nozul huɗu ne ke fesa mai can ƙasa, dab da bawul ɗin kowace silinda. Ta nan sama iska kaɗai ke bi, sai kuma tururin baƙin mai da wani siririn tiyo ke dawowa da shi daga murfin injin don a ƙone shi maimakon a sake shi waje. Tururin ya sami bango ya manne, ƙura ta zo ta manne a kansa, shekara ta bi shekara. Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce ashe man Kawu ko hanyar bai bi ba.

Ƙurar ma ba kaɗan ba ce. Injin fetur yana son iska kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya na mai, wato kowace lita ta fetur tana tafiya da iska wajen lita dubu tara zuwa dubu goma. A hunturu wannan iska ɗauke take da garin ƙasa mai laushi, da yawansa daga kwarin Bodele na Chadi, tsohon gindin tafki da ya ƙafe. Abin da ke tsakanin wannan gari da cikin injin takarda ce guda mai ninki-ninki. Da muka buɗe akwatinta muka iske ta yi ja, ninki biyu sun yage, alamar an sha hura ta da iskar kwamfireso. Ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare a garejinmu, a hure matata a mayar a ce ta koma sabuwa, alhali ƙarfin iskar yana buɗe mata ƙofofi. Tiyon mai kauri shi ma ya tsage ta ƙasa, cikin lanƙwasa, inda ido ba ya kaiwa. Iska tana shiga ta nan ko gaisawa da matatar ba ta yi.

Ana iya wanke maƙogwaron yana jikin injin, amma bawul ɗin ralanti a ƙarƙashinsa yake, don haka muka cire shi gaba ɗaya. Muka zare soket biyu, na bawul da na sansar da ke gaya wa kwamfuta inda faifan yake. Muka ɓalle wayar totur, muka zare ƙananan tiyon iska bayan ƙanen nawa ya ɗaura wa kowanne zare mai launi daban. Sai tiyon ruwa guda biyu da ke kawo ruwan lagireto ya ɗumama wurin, dabarar ƙasashen da sanyi ke daskarar da raɓa a bakin faifan. Muka toshe su da tsofaffin buji. Noti da ƙusoshi na sifana 12 suka fita ba gardama. Ramin da ya rage a jikin injin muka cusa masa tsumma mai tsabta nan take, don iskar ba ta daina tasowa ba.

Sukurorin da ke riƙe da bawul ɗin su ne wurin da aiki ke lalacewa. Kansu taushi gare shi, kuma sun shekara talatin ba a motsa su ba, sukundireba ya zame sau ɗaya kan ya cinye. A nan gwanintar mai gyaran babur ta fito. Ya ɗora abin a kan turmi da aka kifa, ya zaɓi sukundireban da ya cika ramin daidai, ya buga masa guduma a ƙeya, ya danna da nauyin jikinsa kafin ya murɗa. Ɗaya bayan ɗaya suka saki. Ya ɗaga gaskit ɗin roba da bakin wuƙa a hankali, don in ya tsinke babu inda za a samo wani a ranar.

Cikin bawul ɗin wata ƴar ƙofa ce mai juyawa a kan sanda. Ya kamata ta juya da taɓawar ɗan yatsa. Tamu sai da aka matsa. Muka fesa, muka jira, baƙin ruwa ya gangaro, muka goga da tsohon buroshin haƙori, muka sake fesawa har ta koma tana kaɗawa da kanta. Ɓangaren lantarkinsa ba mu bari ruwan ya shige shi ba, haka sansar da ke gefen maƙogwaron, wadda ko sukurunta ba mu taɓa ba, domin zamanta a saiti yake. Faifan da bangon kuwa tsumma muka jiƙa muka goge. Ƙanen nawa ya ɗauko guntun sanfefa da yake goge buji da shi, na riƙe hannunsa. Tazarar da ke tsakanin bakin faifan da bango ƙanƙanuwa ce, da gangan aka yi ta haka. Ka kankare ta, ralanti ya hau, ba kuma zai sauko ba.

Wani abu da muka gani ya ba ni haushi. Wayar totur an ɗaure ta tamau, babu sassauci ko kaɗan. Wani makanike ne, a wani lokaci, ya ga ralanti yana sauka, maimakon ya wanke sai ya ja waya don faifan ya riƙa zama a ɗan buɗe. Wasu sukurun da faifan ke tsayawa a kansa suke murɗawa. Dabarar takan yi aiki na ɗan lokaci, mai mota ya biya ya tafi yana godiya, dauɗa kuma ta ci gaba da taruwa har ta cinye ɗan abin da aka ƙara. Muka mayar wa wayar da ɗan wasanta. Tsagar tiyon muka naɗe ta da robar tub, muka kakkaɓe matatar a hankali muka mayar, tunda babu wata.

Tashin sai da turi. Samarin da suka zo kafa rumfa suka sa hannu, ta yi tari, ta yi aman hayaƙi na ragowar ruwan wankin, ta kama. Allura ta haura sama da 1,500 ta tsaya. Ƙanen nawa ya dube ni. Na ce a ba ta lokaci, injin da sanyi, kuma tun da aka cire batiri kwamfutar ta manta abin da ta saba, sai ta sake koyo. Muka cika ruwan lagireto da ya zube, muka zauna a tabarma aka kawo mana fura. Kafin mu ga gindin kwanon allurar ta sauko da kaɗan-kaɗan ta zauna ƙasa da 1,000. Na kunna manyan fitilu, ta ɗan nutse ta dawo. Ƙanen nawa ya ce, "Shi ke nan kwamfutar?" Na ce ta wannan zamanin ke nan. Motocin da suka biyo baya, irin Corolla na tsakiyar shekarun 2000 zuwa yau, yawancinsu ba su da wayar totur kuma ba su da wannan bawul, wani ƙaramin moto ne ke juya faifan. Su ma suna yin dauɗa, ana kuma wanke su, amma ba a banƙare faifansu da ƙarfi, wasu ma sai an sa na'ura an sake saita su.

Da rana muka ƙarasa Dakoro neman matatar iska. Gari ne da ƙasar noma ke haɗuwa da ta kiwo, ka ga Bahaushe da Bafulatani da Buzu a rumfar mai shayi ɗaya. Mun sami matatar a wani shago bayan an hure ƙurar kwalinta. Mai shagon ya faɗi kuɗi, na yi salati, ya ce in tuna iyakar Benin a rufe take tun 2023, abin da a da yake zuwa ta Kwatano sai ya zagayo ta Lome da Burkina. Tiyon kuwa babu. Ya ce sai Maraɗi wurin masu kayan gwanjo, in ba a dace ba a aika Ƙofar Ruwa a Kano.

Da dare aka ce motar Maraɗi ce za ta kai amarya. Gidan angon a cikin gari yake, tafiyar ƙafa ce, kuma da ƙafa mata suka yi ta, gaba da baya, suna guɗa. Na sa giya ta ɗaya, na saki kuloci, na ɗauke ƙafa daga totur gaba ɗaya, motar ta riƙa bin su da kanta a kan ralanti. An tsayar da mu a ƙofar wata gwaggo, an sake tsayar da mu a ƙofar liman, Inna ta zuge gilashi ta yi gaisuwarta har da tambayar jikoki ɗaya-ɗaya. Kawu da ke tsaye a gefe ya leƙo ya ce, "Ka gani? Da kuka sha man tasha a Dakoro ai ta warke."

Na kira Yaya na ba shi labarin tiyo da matata da batiri. Ya ce tiyon da batirin nasa ne, matatar kuwa tunda ni na ga dama na saya, in ɗauka gudummawar biki ce.